Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Daraktan DICON: A Rufe Zane, A Buɗe Lissafi

Zuwa ga Babban Darakta,
Kamfanin Ƙera Makamai na Najeriya, DICON,
Kaduna.

Yallaɓai, ranka ya daɗe,

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne dokar nan da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Nuwamban 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar DICON ta 1964. Sabuwar dokar ta buɗe muku ƙofar haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu, ta kuma ɗora muku sa ido a kan yadda ake ƙera kayan yaƙi da adana su da rarraba su a ƙasar nan. Wato ta fito da ku daga maƙerar soja ta tsayar da ku a kasuwa. Wanda ya shiga kasuwa kuwa ba shi da makawa sai ya yi talla. Inda gizo ke saƙar shi ne, wasu kayan naku rabin amfaninsu yana cikin rashin sanin da abokin gaba ya yi musu. Shi ya sa kullum za ka tarar da mutum biyu a ƙofar ofishinka, jami'in hulɗa da jama'a yana so a kira 'yan jarida, jami'in tsaro yana so a ƙara kwaɗo a ƙofa. Kowannensu da gaskiyarsa. Ni dai so nake in faɗi inda ya kamata ka saurari na farko da inda ya kamata ka saurari na biyu, domin a ganina mun daɗe a ƙasar nan muna ba kowannensu aikin ɗan'uwansa.

Kada a ɗauka ina gaba da talla. Tun 1964 da kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina masana'antar Kakuri, DICON ya ga rana ya ga inuwa. Lokacin yaƙin basasa injuna ba su huta ba. Da yaƙi ya ƙare ciniki ya ja baya, Jamusawa suka tafi, masana'antar ta koma ƙera kujeru da kayan samar da ruwa a karkara don kada a rufe ta, har abin ya zama abin shaguɓe a jaridu shekara da shekaru. Kamfanin da ya sha irin wannan suna yana buƙatar a ji shi, a gan shi. In ba a san abin da kuke yi ba, ɗan majalisa ba zai tsaya muku ba ranar kasafin kuɗi, yaron da ya gama injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ba zai yi mafarkin aiki da ku ba, hafsoshin ƙasashen maƙwabta kuma za su ci gaba da ƙetare ku zuwa Turkiyya da Sin. Turkiyyar ma ai da talla ta kai inda take. Kamfanin Baykar da bidiyo ya sayar da jirginsa maras matuƙi, Bayraktar TB2. Hotunan da suka fito daga yaƙin Azabaijan da Armeniya a 2020, da na Yukren a 2022, sun yi masa aikin da dillalai ba za su iya ba. Da mutanen Lituwaniya suka yi karo-karo na wajen Yuro miliyan 5 cikin 'yan kwanaki don su saya wa Yukren guda ɗaya, sai kamfanin ya ce ya ba da shi kyauta, labarin ya zagaye duniya. Yau jirgin yana Nijar, yana Mali, yana Burkina Faso, yana nan Najeriya.

Maganata guda ce, Yallaɓai. Mai kilishi ba zai taɓa faɗa maka yadda yake haɗa yajinsa ba, kuma babu mai jin haushinsa a kan haka. Amma ranar da ya ce farashinsa sirri ne, ko ya hana ka ganin abin da ya naɗe maka a takarda, ka san akwai lauje cikin naɗi. Abin da ya cancanci rufi a wurinku shi ne yadda makami yake aiki, da inda yake da rauni, da inda aka kai shi. Abin da bai cancanci rufi ba shi ne kuɗin da aka kashe, da adadin da aka miƙa wa soja, da ko ya ci jarrabawa ko ya faɗi, da haɗarin da yake jawo wa maƙwabta. Mu kuwa al'adarmu a juye take. Ranar ƙaddamarwa za a bar kyamara ta leƙa ko'ina, ta shiga cikin mota mai sulke ta fito, a ɗauki bidiyon ƙarƙashinta da ƙofofinta. Amma ka tambayi nawa aka ƙera kuma a kan nawa, nan take a ce maka wannan batu ne na tsaron ƙasa.

Bari in fara da ɓangaren rufin, tunda shi ne ba za mu yi musu a kansa ba. Amurkawa sun fi kowa daɗewa suna wannan rawa tsakanin talla da sirri, kuma sun sha faɗuwa a cikinta. Ranar 22 ga Nuwamban 1988 kamfanin Northrop ya fito da jirgin B-2 a Palmdale, jihar Kalifoniya, a gaban manyan baƙi da 'yan jarida. An tsara wurin tsaf. An zaunar da kowa ta gaba, an hana zagayawa baya, saboda siffar bayan fikafikan da wurin fitar zafin inji suna cikin dabarun da ke ɓoye jirgin daga na'urar rada da na'urar gano zafi. Abu ɗaya suka manta, ba su hana jirage ratsa saman wurin ba. Sai mujallar Aviation Week ta ɗauki hayar ƙaramin jirgin Cessna, mai hoto ya leƙo daga sama, ya ɗauko abin da aka kashe kuɗi da dabara don a ɓoye. Ba su karya wata doka ba. Masu bikin ne suka tsare ƙofa suka bar rufi a buɗe.

Bayan shekara 34, ranar 2 ga Disamban 2022, a wannan gari dai, kamfanin, wanda yanzu ake kira Northrop Grumman, ya fito da magajin B-2, wato B-21. Wannan karon da almuru aka yi bikin. An jawo jirgin zuwa bakin rumfarsa kawai, gabansa kaɗai aka haska, Ministan Tsaro Lloyd Austin ya yi jawabi, aka mayar da shi ciki. Duniya ta kalla, masu hannun jari sun ji daɗi, ma'aikatan da suka yi shekaru ba sa iya gaya wa iyalansu abin da suke yi sun samu abin nunawa, kuma ba wanda ya ga bayan jirgin. Sai a Nuwamban 2023, da ya fara tashi da safe, mutanen da ke tsaye a wajen shinge suka ɗauke shi ta ko'ina. Wannan ma an san zai faru. Abin da ke tashi sama da rana ba ya ɓoyuwa, saboda haka aka jera abubuwa daki-daki, kowane sirri da ranar da za a sake shi. Tun ma kafin a ba su kwangilar a Oktoban 2015, kamfanin ya yi wani talla a talabijin inda aka nuna jiragensa na da ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe aka nuna wani abu lulluɓe da mayafi. Ba su nuna komai ba, amma kowa ya gane saƙon.

Akwai kuma lokacin da talla ke haƙura gaba ɗaya. Jirgin F-117 na kamfanin Lockheed, shi ma mai ɓuya daga rada, ya fara tashi a 1981, ya shiga aiki a 1983, yana atisaye da dare kawai daga Tonopah a hamadar Nebada. Gwamnati ba ta amsa cewa akwai shi ba sai a Nuwamban 1988, shi ma da hoto ɗaya dishi-dishi. Shekara bakwai kamfani yana riƙe da hajar da ta fi kowace a rumbunsa, ba shi da bakin yin alfahari da ita. Ladan wannan haƙuri ya fito a Janairun 1991 a sararin Bagadaza.

A wurinmu hatsarin ba daga mujalla mai hayar jirgi zai zo ba, daga aljihu zai fito. Rundunar sojan Amurka da kanta ta ba da labarin yadda a 2007, a Iraƙi, sojoji suka ɗauki hotunan sababbin jirage masu saukar ungulu da suka iso sansaninsu, suka sa a intanet. Hotunan suna ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke su. Abokan gaba suka karanta, suka auna, suka harbo, jiragen Apache huɗu suka ƙone. Yanzu ka tuna yadda ziyarar manya take a ƙasar nan. Gwamna ko minista zai shigo da tawaga, kowa da wayarsa a sama, wani na TikTok, wani na Facebook. A bayan mai jawabi ga akwatuna da rubutun bataliyar da za a kai wa, ga lambobin bindigogi, ga farantin ƙarfen da ake yanka wa ƙasan mota, kaurinsa a fili. Mai dasa nakiya a hanyar Damboa ko Marte ba ya buƙatar zanen injiniya. Abin da yake so ya sani shi ne kilo nawa zai fasa cikin motar, kuma ta wane gefe. A nan kam ka ba jami'in tsaronka wuƙa da nama. A ajiye wayoyi a ƙofa, komai girman baƙo. Kamfani ya ɗauki hotonsa da kansa, a tace, a raba wa 'yan jarida.

To, zuwa nan jami'in tsaron yana gyaɗa kai. Ga inda za mu raba hanya da shi.

A Janairun 1988 rundunar ruwan Amurka ta ba kamfanonin McDonnell Douglas da General Dynamics kwangilar wani jirgi mai ɓuya daga rada, A-12. Aikin sirri ne mai tsanani, waɗanda ke da izinin duba shi 'yan kaɗan ne. A Afrilun 1990 Ministan Tsaro Dick Cheney ya shaida wa majalisa cewa aiki yana tafiya daidai. Ba a jima ba sai ta bayyana cewa jirgin ya yi nauyi fiye da ƙima, an makara sosai, kuɗi kuma sun zarce. Binciken da rundunar ta yi ya nuna cewa mummunan labari ba ya hawa sama. Na ƙasa sun sani, na sama ba a gaya musu ba, tsananin sirrin kuma ya rage idanun da za su iya ganowa. Ranar 7 ga Janairun 1991 Cheney ya soke aikin, yana cewa babu wanda ya iya faɗa masa nawa za a ƙara kashewa. An zuba biliyoyin daloli, ko jirgi ɗaya bai tashi ba. Shari'ar da ta biyo baya ta kai har Kotun Ƙoli, ba ta ƙare ba sai a 2014. Sirrin da aka kafa don a makantar da Tarayyar Sobiyet, ministan da ke biyan kuɗin ya makantar.

Ban ce kuɗi ba ya tona asiri ko kaɗan ba. A 2016 Sanata John McCain ya matsa a bayyana jimillar kuɗin kwangilar B-21, rundunar sama ta ce daga farashi masana za su iya lissafo nauyin jirgin da abin da zai ɗauka, kuma yawancin 'yan kwamitin suka goyi bayan rundunar. Amma dubi abin da ya rage a fili duk da haka. Kowa ya san ana son aƙalla jirage 100. Kowa ya san an kafa iyakar farashin kowane ɗaya a dala miliyan 550 bisa darajar dala ta 2010. 'Yan kwamitin majalisa suna ganin cikakken lissafi a zaman sirri. A Janairun 2024 kuma Northrop Grumman ya fito ya gaya wa masu hannun jarinsa cewa ya ɗauki asarar dala biliyan 1.56 a kan rukunan farko na jirgin, domin dokar kasuwar hannun jari ba ta yarda a ɓoye asara a bayan tuta ba. Idan jirgin da ya fi kowane sirri a duniya an san adadinsa, an san iyakar farashinsa, an san asarar mai ƙera shi, wace hujja ce za ta sa farashin harsashi ko rigar sulke ko takalmin soja ya zama sirrin ƙasa?

Mu ba sai an ba mu labarin A-12 ba, muna da namu. A Satumban 2014 hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin wani jirgi na alfarma da ya sauka a filin Lanseria daga Najeriya, aka ce na sayen makamai ne. A Disamban wannan shekarar kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙi da Boko Haram, alhali kukansu shi ne ba a ba su kayan aiki ba. Daga baya aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara goma. A 2015 maganar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai ta fashe, aka kama Kanar Sambo Dasuki mai ritaya a Disamba, ya musanta zargin, bai fito ba sai Disamban 2019. Ni ba alƙali ba ne, kuma ba shari'ar kowa nake yi a nan ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne kuɗin sun fita ta ƙofar da aka rubuta wa sirri, yaran talakawa kuma suna bakin daga suna ƙirga harsashi. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa kuɗin tsaro na musamman da ake kashewa a Najeriya ba tare da bin diddigi ba sun kai dala miliyan 670 a shekara. 'Yan'uwanmu na Nijar ma sun ɗanɗana: binciken da sufeton rundunar sojansu ya yi, wanda ya fito a 2020, ya nuna asarar sefa biliyan 76 ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, a daidai lokacin da ake kashe sojojinsu a Inates da Chinagodar.

Ga abin da nake so ka duba da idon ɗan kasuwa, ba da idon soja ba. Wannan duhu ba abokin DICON ba ne, kishiyarsa ne. Duk inda ake sayen makamai a ɓoye, dillalin waje ne ke cin kasuwa, saboda la'adar da ake biya da dala a wani banki na ƙetare ba ta samuwa a Kakuri. Mai neman kashi goma ko ashirin cikin ɗari ba zai so a sayi harsashi a Kaduna da naira ba, inda odita zai iya hawa mota ya je ya ƙirga akwatuna. Ranar da aka fara buga farashi a fili, aka jera na gida da na waje, ku ne za ku fara cin riba, muddin kayanku suna da kyau. In kuma na wajen ya fi araha da inganci, gara ku sani da wuri ku gyara. Na san dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan tsaro na musamman, kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram. Sai dai waɗannan dokoki dama suka ba ku ta yin shiru inda ya wajaba, ba su tilasta muku yin shiru a ko'ina ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ma, wadda ta yarda a hana bayanin da zai cutar da tsaro, ta ce a auna shi da maslahar jama'a, ta kuma ba da kwana bakwai a amsa wa mai tambaya. Amsar da ke cewa ba za mu faɗa ba, ga dalili, ta fi takardar da ta shige ofis ba ta sake fitowa ba.

Shiru daban, ƙarya daban. Ranar 1 ga Mayun 1960 Sobiyet ta harbo jirgin leƙen asiri U-2, shi ma ƙirar Lockheed. Amurka ta ɗauka matuƙin ya mutu, sai ta fitar da sanarwa cewa jirgin binciken yanayi ne da ya ɓace hanya. Shugaban Sobiyet, Khrushchev, ya bari suka gama rantse-rantse, sannan ya sanar cewa matuƙin, Francis Gary Powers, yana hannunsu da rai, ga kuma kyamarar jirgin. Shugaba Eisenhower ya koma ya amsa, taron shugabanni na Faris ya watse. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka umarci kakakinka ya koyi cewa wannan ba zan yi magana a kansa ba. Ɗan jarida zai yi gunaguni ya wuce. Amma ranar da aka kama shi da ƙarya ɗaya, duk wata gaskiya da zai faɗa nan gaba sai an nemi shaida.

Ƙanwar ƙarya ita ce zuzutawa, kuma ita ce cutar da ta fi kama masu ƙera makamai a ƙasashe irin namu. A Fabrairun 2013 Iran ta ƙaddamar da wani jirgin yaƙi, Qaher-313, da babban biki. Masana harkar jirage suka duba hotunan suka ce ko matuƙi ba zai zauna a ciki da kyau ba, ya zama abin dariya. Mu ma Kaduna ta ga bukukuwa. Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da jirgi maras matuƙi na rundunar sama, Gulma, a Disamban 2013. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi a Fabrairun 2018, wanda aka haɗa da taimakon kamfanin UAVision na Fotugal, sannan a Disamban 2019 ya ƙaddamar da motarku mai jure nakiya, Ezugwu. Duk abin alfahari ne, ban rage musu komai ba. Sai dai biki ba shi ne talla ba. Hafsan da zai zo daga wata ƙasa da kuɗi a hannu ba jawabin shugaban ƙasa zai tambaya ba. Zai tambaya guda nawa sojojinku suka saya, wata nawa suka yi a daji, wa ya gwada sulken in ba ku ba, kuma in ta lalace ina kayan gyara. Zai kuma so ya san wane ɓangare aka yi a Kaduna, wane aka shigo da shi. Babu kunya a ce injin daga waje yake, jiki da sulke namu ne. Manyan kamfanonin duniya ma haka suke haɗa kayansu. Kunyar tana ranar da aka ce ƙirar gida ce ɗari bisa ɗari, wani ya buɗe murfin inji ya karanta. Af, tunda maganar ta zo, ina roƙon a rage sa wa makami sunan mai riƙe da kujera, kamar yadda aka yi da bindigar OBJ-006 da ita Ezugwun. Mutanen sun yi aikinsu, amma kujera tana juyawa, magaji kuma ba kasafai yake son tallata sunan wanda ya gada ba.

Akwai wasu mutane da ba abokan ciniki ba ne, ba kuma abokan gaba ba, amma sun fi kowa haƙƙin a yi musu bayani: maƙwabtanku. Lokacin da aka gina masana'antar, Kakuri gefen gari ne. Yau gari ya haɗiye ta, ga gidaje, ga makarantu, ga kasuwa. Ranar 27 ga Janairun 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta. Fiye da mutum dubu suka mutu, kuma yawancinsu ba bam ne ya kashe su ba. Gudu suke yi cikin firgici, ba su san abin da ke faruwa ba, wasu sun ɗauka juyin mulki ne ko yaƙi, suka faɗa magudanar ruwa ta Oke-Afa da ciyayi suka lulluɓe, mata da yara birjik. Rashin sani ya kashe fiye da abin da wutar ta kashe. Ba na neman ku faɗa wa kowa abin da ke cikin rumbunku ko inda yake. Ina neman masu unguwanni da limamai da fastoci da shugabannin makarantu na kewayenku su san ƙarar jiniyar gargaɗi, su san ta wace hanya za a bi, su san inda za a taru. In za ku gwada harbi ko ku lalata tsofaffin albarusai, a sanar a rediyo da Hausa da Turanci kwana ɗaya kafin nan. Haka ma ma'aikacin da ke taɓa sinadarai yana da haƙƙin sanin abin da yake shaƙa. A shekarun 1990 wasu ma'aikatan sansanin sirri na Groom Lake a Nebada, da matan waɗanda suka mutu, sun kai ƙara kan hayaƙin sharar da ake ƙonawa a wurin. A 1995 Shugaba Clinton ya keɓe sansanin daga bayyana irin wannan bayani, ƙarar ta mutu, ba su samu sanin abin da ya shiga jikinsu ba. Wannan ba ya cikin abubuwan da za mu koya daga Amurka.

Game da ma'aikata kuma, tarihi ya nuna ba ɗan jarida ne ke fitar da manyan asirai ba. Thomas Cavanagh injiniyan Northrop ne da bashi ya yi wa katutu. A 1984 ya nemi sayar da bayanan ɓuya daga rada a kan dala dubu 25, ashe jami'an FBI ne suka yi shigar 'yan Sobiyet. Noshir Gowadia, wanda ya yi aiki a kan B-2, an ɗaure shi shekara 32 a 2011 saboda sayar wa Sin da bayanai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Albashi a kan kari, ƙarin girma bisa cancanta, da hanyar da injiniya zai kai kuka sama ba tare da tsoro ba, sun fi kowane kwaɗo tsare sirri. A kuma bar su su gabatar da abin da ba na sirri ba a tarukan jami'o'i, da sunayensu. Mutumin da aka yaba wa a gida ba ya saurin sauraron baƙo.

Sirri kuma ya kamata ya kasance da ranar ƙarewa. Amurka tun 1995 ta kafa ƙa'idar cewa yawancin takardun sirri masu darajar tarihi suna buɗewa da kansu bayan shekara 25, sai waɗanda aka keɓe da dalili. DICON ya haura shekara 60. Yarjejeniyar Fritz Werner, da lissafin abin da aka ƙera lokacin yaƙin basasa, da takardun shekarun kujeru, babu ɗan ta'addan da za su amfana, amma ɗalibin tarihi a Gidan Arewa da injiniyan da ke son sanin inda aka yi tuntuɓe za su amfana ƙwarai.

Abin da nake roƙo a aikace ba shi da yawa, kuma ba ya buƙatar sabuwar doka. Ka sa a rubuta ƙa'ida gajera wadda jami'an nan biyu za su sa wa hannu tare, ta fayyace abin da ba ya fita ko da wane ne ya tambaya, da abin da ke fita ko ba a tambaya ba. Sannan kowace shekara DICON ya buga rahoto da Turanci da Hausa: kuɗin da ya shigo daga gwamnati da na ciniki, kuɗin da aka kashe, jimillar kowane nau'in kaya da aka miƙa ba tare da faɗin rundunar da ta karɓa ko inda take ba, sunayen kamfanonin da kuka haɗa gwiwa da su a ƙarƙashin dokar 2023, da duk wani haɗari da ya auku a masana'anta. Abin da ya yi nauyin da ba zai shiga wannan rahoto ba, a kai shi gaban kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya da Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya a zaman sirri, a kuma sanar da jama'a ranar da aka yi zaman. In rahoton farko ya fito kafin majalisa ta zauna kan kasafin kuɗin baɗi, zai yi muku amfani a wurin.

Allah ya taimake ka, ya tsare sojojinmu da ke bakin daga.

Naka,
Wani ɗan ƙasa mai biyan haraji,
Kaduna.